Shuɗin Hayaƙi a Tudun Asibiti

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

Zan rubuta abin da na gani kamar yadda na gan shi, ba tare da ƙari ba.

Yau da ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe muna hawan tudun da ke kaiwa ƙofar babban asibiti, ni da matata, Malama. Ni ke tuƙi. Ita ta kwantar da kujerarta baya, idonta a rufe. Daga gidanmu zuwa can kilomita casa'in da biyar ne, kuma wata bakwai ke nan muna wannan tafiya duk Talata da Juma'a domin a yi mata magani. A tsakiyar tudun na taka totur kamar yadda na saba. Motar ta yi nauyi, ta girgiza sau uku, sai fitilar inji mai ruwan ɗorawa ta fara ƙiftawa a gabana. Na dubi madubi. Hayaƙi ya rufe hanya har ban iya ganin motar da ke biye da mu ba. Fari ne, da shuɗi a cikinsa. Na sauke gilashi kaɗan, na ji warin man da ya ƙone. Allurar zafi ba ta gusa daga inda take ba. Muka ƙarasa hawan a hankali, injin yana ɗingishi.

Malama ba ta buɗe ido ba. Ta ce, "Mai Agogo, ita ma motar taka ta fara tari?"

Haka take kirana tun kafin aurenmu, saboda ba na tsayar da magana sai na haɗa ta da ƙarfe nawa ne.

Yau ba su sallame ta bayan awa huɗu ba kamar kullum. Sun ba ta gado. Likita ya kira ni ofishinsa, ya yi magana ta minti goma sha ɗaya. Na fahimci duk abin da ya ce.

Da zan tafi ta riƙe hannun rigata, ta ce, "A motar nan na zo, a cikinta zan koma gida. Ba farar motarsu ba, ba ta maƙwabta ba. Ka gyara ta."

Na ce to.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 7:05 na safe

Jiya wani makanike da ke gindin tudun ya canza mini fulogi huɗu, ya ce shi ke nan. Na dawo gida a awa uku, hayaƙin na bina duk inda na taka totur. Yanzu na zaro gejin baƙin mai: ya sauka ƙasa da alamar ƙasa. Sai da na zuba lita ɗaya da rabi. Ruwan lagireto yana nan yadda na bar shi. Ƙarƙashin motar a bushe, ko ɗigo babu a kan siminti.

Man bai zuba a ƙasa ba, kuma ba ya cikin inji. Ke nan ƙonewa yake.

Na rubuta wa shugaban ɗakin gwajin ruwa inda nake aiki, na nemi hutun sati uku. Ban faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na je asibiti a motar haya. Ƙanwar Malama, wadda muke kira Auta, ita ke kwana da ita. Tun tana 'yar sakandare take ce mini Farfesa, alhali digiri biyu kawai na yi, kuma ta san haka.

"Farfesa, an ce motarka ta koma gasa nama."

Na ce ana bincike.

"Ana bincike! Yaya, kin ji mijinki. Idan gida ya kama da wuta, sai ya fara neman biro."

Malama ta yi dariya, dariyar ta jawo mata tari, muka jira har ya lafa. Ta sha shayi cokali shida. Ta tambaye ni ko na ba furannin bakin taga ruwa. Ban ba su ba. Na ce na ba su.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 6:00 na safe

Na shirya, na ɗauki makullin mota, har na kai ƙofa kafin na tuna ba wadda zan kai.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Da safe na tayar da motar, na kara farar takardar tace ruwa, irin ta wurin aikinmu, a bakin salansa na daƙiƙa talatin. Ta fito da ɗigo-ɗigo masu maiƙo. Na shanya ta a rana awa guda, ɗigon bai bushe ba. Da ruwa ne da ya tafi.

Na kai motar garejin Dogo, bayan tashar manyan motoci. Dattijo ne, kuma ana ce masa Dogo ne domin bai kai kafaɗata ba. Na miƙa masa takardar, na fara bayani. Ya karɓa, ya shinshina, ya goge hannunsa da ita.

"Malam, ka wahalar da kanka. Hancina ya gaya mini tun kana kwanar can. Hayaƙin mota uku ne. Baƙi, fetur ya yi yawa. Fari mai ƙamshin alewa, ruwa ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Shuɗi, baƙin mai ne. Naka shuɗi ne da ya yi kwalliya da fari. Abin tambaya, ta wace ƙofa man yake shiga?"

Ya zaro fulogin da aka sa ranar Talata. Uku sun yi duhu, na silinda ta uku ya jiƙe sharkaf da mai.

"Wanda ya canza maka waɗannan bai yi ƙarya ba, ya dai share wa mai kuka hawaye ne bai tambaye shi wa ya doke shi ba."

Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce shi ba ya sa wa mota rana kafin ya san ciwonta. Na ce ina da dalilin tambaya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in dawo Litinin da kayan da ba na jin tausayinsu, domin hannu biyu ba su isa wannan aiki ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Dogo ya aro na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari. Ta ce silinda ta uku ba ta cin wuta yadda ya kamata.

"Ka ga kwamfuta," in ji shi. "Abin da ka riga ka sani take faɗa maka, amma da Turanci."

Ya cire kwayil ɗin silinda ta uku, wato abin da ke ba fulogi wuta, ya musanya shi da na ta ɗaya. Ya ce idan kwayil ne mai laifi, ɗingishin zai bi shi zuwa sabon gidansa. Na ji daɗin wannan dabara, domin haka muke yi a ɗakin gwaji: abu ɗaya ake canzawa, a bar sauran. Muka tayar. Ɗingishin ya tsaya a ta uku. Ya yi haka da nozul ɗin fetur. Bai motsa ba.

Kwayil ya fita, nozul ya fita. Na rubuta su a takarda, na ja musu layi.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 7:10 na yamma

Maƙwabcinmu mai shagon gilashi ya tare ni da safe, ya ce motarsa tana nan duk ranar da muke so, shi da kansa zai tuƙa. Na kai wa Malama saƙon. Ta ce in yi masa godiya sosai, in ce ta gode har zuciya, amma a'a.

An mayar da ita ɗakin da ke ƙarshen baranda, mai gado ɗaya. An ce ya fi shiru.

Auta ta raka ni har bakin matakala. Wannan karon ba ta ce Farfesa ba.

"Yaya, mota dai mota ce. Ƙafa huɗu, kujera. Me ya sa kake biye mata?"

Na ce na riga na ce to.

"Kai kana can kana wasa da sifana, ni ina nan ina kallon..." Ba ta ƙarasa ba. Ta gyara mayafinta, ta koma ciki.

A motar haya na yi ta neman amsar da zan ba ta, ban samu wadda zan iya rubutawa ba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Yau gwajin ƙarfin matsi. Dogo ya cire fulogi duka, ya ɗaura agogon awo a ramin kowace silinda, ni kuma ina murza makulli idan ya ce murza. Ya ce idan zoben fistin ya karye, ko fistin ya tsage, silindar ba za ta riƙe iska ba, kuma sai an sauke injin gaba ɗaya. Wannan aikin wata guda ne.

Ta ɗaya, 165. Ta biyu, 160. Ta uku, 165. Ta huɗu, 162.

"Lafiya lau," in ji Dogo. "Cikin injin nan ya fi nawa lafiya."

Ya duba murfin da ake zuba mai, babu farin kumfa. Ya duba ɗan bawul ɗin da injin ke numfashi ta cikinsa, yana aiki. Ya kamata in yi murna. Sai na tsinci kaina ina jin haushin lambobin nan huɗu, domin sun yi kyau kuma ba su gaya mini komai ba. Na ga irin wannan a farkon shekara a gwaje-gwajen Malama, takarda bayan takarda, kowace tana cewa lafiya lau.

Na ce masa me ya rage. Ya nuna wani abu mai kama da dodon koɗi a bayan injin, ya ce, "Wancan. Amma yana da zafi da wuyar kaiwa. Sai Asabar."

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 6:40 na yamma

Cokali uku. Ba ta tambayi furanni ba. Ta tambayi mota.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 5:55 na yamma

An gano.

Abin mai kama da dodon koɗi shi ne tarbo. Hayaƙin inji ne ke juya wata 'yar farfela a cikinsa, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin inji, shi ya sa ƙaramar mota ke hawan tudu kamar babba. Dogo ya kwance babban tiyon da ke ɗaukar iskar, ya karkata shi a kan gwangwani. Baƙin mai ya zubo, kusan rabin kofin shayi. Ya ce a tiyon nan iska ce kaɗai ke da izinin wucewa. Ya ce man yana bin iska ne ya shiga inji, ya fi gangarawa silinda ta uku, ya jiƙa fulogi, sauran kuma ya ƙone a salansa.

Ya sa ni na zura yatsa na kama farfelar. Ta yi lilo, sama da ƙasa, gaba da baya, kamar haƙorin da ya kusa fita.

Na ɗauka mun gama. Sai ya ce, "Tarbo ba ya mutuwa haka kawai, kashe shi ake yi. Idan ban san wa ya kashe wannan ba, sabon ma zai bi shi."

Ya kwance wani siririn bututun ƙarfe da ke kai wa tarbo mai, ya hura, iska ba ta fita sosai ba. Ya ɗauko zarto ya yanka shi biyu, ya miƙo mini. Cikinsa ya toshe da wani baƙin abu mai tauri kamar gawayi, sai 'yar ƙofa da ba ta fi tsinin allura ba.

"Mai ne wannan, ya soyu. Malam, man kirki kake sawa?"

Na ce wanda littafin motar ya ce, kuma ban taɓa wuce ranar canji ba.

"Na yarda. Fuskarka ta mai bin littafi ce. To gaya mini, wa ke tuƙa ta?"

Na ce ni kaɗai.

"Kana tafiya mai nisa da gudu?"

Na ce sau biyu a sati.

"A ƙarshen tafiyar akwai hawa?"

Na ce akwai.

"Da ka isa, sai ka murɗe makulli nan take ka fita."

Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya yi mini bayani a hankali. Ya ce bayan gudu da hawa, cikin tarbo yakan yi ja kamar garwashi, kuma man da ke zagayawa ne ke kwashe zafin. Idan aka kashe inji nan take, man ya tsaya cak a cikin wutar, ya soyu. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har bututun ya toshe, farfela ta yi ta juyawa da ƙishi, ta ci mazauninta.

"Minti biyu kawai yake roƙo. Ka tsaya, ka bar injin yana aiki, ya huce. Ina kake zuwa haka da ba ka da minti biyu?"

Na gaya masa. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa da bakina. Na ce lokaci ne ke ƙure mana, ana kiran layi ƙarfe takwas.

Ya daɗe yana juya guntun bututun a hannunsa. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Da ka faɗa tun ranar farko, da ban bari mun kai yau ba."

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Na gaya wa Malama an gano, tarbo ne. Na zana mata shi a bayan takardar magani. Shekara ashirin da biyu tana koyar da 'yan aji huɗu, ba ta karɓar rabin bayani.

"Me ya kashe shi?"

Na ce zafi.

"Zafi daga ina? Duk motoci ba su da zafi?"

Na ce wannan ya taru ne a hankali.

Ta dube ni har na fara gyara zanen da ba ya bukatar gyara. Ta ce, "Mai Agogo, dodon koɗinka ya fi kama da kunnen akuya."

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

Dogo ya aika a kawo tarbo daga babban gari. An ce gobe.

Likita ya sake kirana. Minti huɗu. Ya ce duk ranar da muka shirya za ta iya komawa gida, kuma a ganinsa kada mu ja abin. Zai rubuta abin da za a riƙa ba ta, ya nuna wa Auta yadda ake yi. Na tambaye shi ranar da za mu dawo a duba ta. Ya gyara takardun da ke gabansa, ya ce in kira shi a waya duk lokacin da na so.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 7:45 na yamma

Tarbon ya iso da rana. Ba namu ba ne. Namu ramin ƙusa huɗu gare shi, wannan uku. Dogo ya ɗaga waya ya wanke mai kayan tas, har da cewa ko kakarsa da ba ta gani za ta iya ƙirga huɗu. Sun ce Juma'a.

Na wuce asibiti. Na durƙusa a bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba, na ce mata ta bari mu tafi gobe a motar maƙwabci. Na ce zan sa mata matashin kujerarta, ba za ta ji bambanci ba.

Ta ce, "Ka gaji ne?"

Na ce ba gajiya ba ce.

"To ka ƙarasa aikinka. Ina nan."

Auta ta ce, "Yaya, don Allah."

"Ke kuma ki yi shiru. Mutumin nan idan ba a ba shi abin kwancewa ba, kansa zai kwance." Ta rufe ido. "Juma'a ba nisa."

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Na wanke ɗakin, na canza zanin gado, na matsar da gadon kusa da taga. Biyu daga cikin furannin sun bushe. Na fitar da su.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 6:50 na yamma

Ya iso ƙarfe tara, rami huɗu. Dogo ya kori duk wanda ya kawo masa wani aiki. Muka sa sabon bututun mai. Muka cire akwatin da ke sanyaya iska, muka wanke man da ya taru a ciki da fetur har sau uku, muka shanya. Sabon mai, sabuwar matata, sabbin fulogi. Kafin ya ɗaura bututun, ya ɗura mai a bakin tarbon da sirinji, yana juya farfelar da yatsa. Ya ce ba a tayar da baƙo da aiki bai sha ruwa ba.

Ƙarfe huɗu da minti goma ya ce murza.

Injin ya tashi sumul. Ɗingishi babu. Na sa tafin hannu a kan bonet, babu kakkarwa. Bayan minti biyar sai hayaƙi ya fara fitowa, shuɗi, ya yi ta ƙaruwa har ya cika garejin, mai walda na maƙwabta ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ce, "Ba shi ba ne. Mun ɓata kwana goma sha huɗu, ba shi ba ne."

Dogo ya kama kafaɗata. "Tashi, Malam, za ka ɓata wandon da dama a ɓace yake. Wannan tsohon mai ne. Sati biyu salansarka tana shan sa, ai sai ta amayar. Ciwon ya tafi, wannan sauran wari ne. Gobe ka ba ta hanya, ka dawo ka gaya mini."

Ban yarda da shi ba. Na rubuta ne domin in ya zama gaskiya, a san ya faɗa.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Na yi kilomita sittin, zuwa da dawowa. A kilomita goma sha takwas hayaƙin ya ragu. A talatin da ɗaya na daina ganinsa. Na sami wani hawa na taka totur sosai, madubi fes. Geji bai motsa ba. Na kara sabuwar takarda a salansa, ta fito fara.

Na nuna wa Dogo. Wannan karon bai goge hannu da ita ba, ya ninke ta ya mayar mini.

"Je ka ɗauko ta. Kuma ka ji ni da kyau: minti biyu. Ko sarki ke jiranka."

Na kira Auta, na ce gobe ƙarfe tara. Na ji tana faɗa wa Malama. Na ji muryar Malama daga nesa tana cewa, "Tara ɗin Mai Agogo, ki shirya tun takwas da rabi."

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Tana gida.

Ma'aikata biyu suka taimaka muka sa ta a kujerarta. Ba ta da nauyi. Ta shafa hannun kujerar, ta buɗe aljihun gaba, ta ga tabaraunta da jan bironta suna nan inda ta bar su, ta rufe. Auta ta zauna a baya da jakunkuna a cinya. Ban wuce sittin ba. Malama ba ta yi barci ba, ta yi ta kallon hanya, tana faɗin abin da ya canza: an rushe wani shago, an yi wa wata gada fenti. A wajen gadar ta ce in ɗan taka, tana so ta ji sabon kunnen akuyar. Na taka. Ta ce, "Yana busa." Lallai yana wata siririyar busa.

Da muka isa ƙofar gida na ja birkin hannu, na bar injin yana aiki. Auta ta kwashi kaya ta shiga buɗe ɗaki. Na ɗaga hannu ina duban agogo.

Malama ta ce, "Yau ba ka sauri?"

Na ce makanike ya ce a ba shi minti biyu ya huce.

Ta yi dariya, ba tari wannan karon. "Ashe sai makanike ya faɗa."

Ta ɗora tafinta a kan agogon ta rufe shi. Ta yi magana, ni kuma na saurara. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Ban san minti nawa muka yi ba. Auta ta fito, ta hango mu, ta koma ciki.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Ta ce gadon ya fi kyau a bakin taga. Ta ƙirga tukwanen furanni, ta dube ni.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Barci mafi yawa. Auta ta iya allurar. Na kira likita sau ɗaya.

Alhamis, 26 ga wata

Jiya, ƙarfe goma da minti ashirin na safe. Ina wurin.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe 9:30 na safe

Mutane sun zo ta'aziyya, sun tafi. Dogo ya zo ranar Asabar da fararen kaya, ban gane shi ba sai da ya yi magana. Bai tambayi mota ba. Auta za ta koma gidanta yau, ni zan kai ta tasha. Da safe ta kawo mini shayi, ta ce, "Farfesa, sha, kada ka tsaya auna shi." Gobe zan koma aiki.

Na karanta abin da na rubuta tun daga uku ga watan jiya. Lambobin daidai suke. A nan zan tsaya.

Mai Agogo, mijin Malama.

Gyara ɗaya. A ranar Asabar, 14 ga wata, na rubuta cewa na gaya wa Dogo lokaci ne ke ƙure mana, shi ya sa nake kashe injin nan take. Haka na gaya masa, amma ba haka ba ne. Ba mu taɓa makara ba, kullum da sauran kwata muke isa. Duk ranar da na tsayar da motar a ƙofar asibiti, Malama takan ce, "Bari mu ɗan zauna." Ni kuma nakan murɗe makulli, domin na san idan injin ya mutu sanyin cikin motar zai ɗauke, ba za ta iya zama ba. Sai in zagaya in buɗe mata ƙofa. Ina tsoron abin da za ta ce idan muka zauna. Na duba katin asibiti: sau sittin da ɗaya.